Motsa Jiki a Lokacin Tsufa: Yadda Dattawa da Masu Kula da Su Ke Kallon Lamarin a Mubi

Masana kiwon lafiya sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa motsa jiki yana cikin manyan abubuwan da ke riƙe lafiyar dattijo, to amma a gidaje da asibitoci ba kasafai ake samun daidaito ba a kan ko wane irin motsi ake nufi, da wanda ya kamata ya sa ido a kansa. Tsoho yana da nasa ra'ayin, ɗansa ko surukarsa da ke ɗawainiya da shi suna da nasu, haka ma ma'aikacin jinya. Wannan saɓani ne yakan yanke hukunci a ƙarshe, ko dattijo zai ci gaba da taka ƙafarsa zuwa masallaci ko coci, ko kuwa zai ƙare a kan shimfiɗa sai an kwantar an tayar.

Inda tsofaffi ke samun kulawa

Garin Mubi yana arewacin Jihar Adamawa, kimanin kilomita 200 daga Yola, a gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Kamaru. An raba shi tsakanin ƙananan hukumomi biyu, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, kuma mazauni ne ga Gude da Fali da Nzanyi da Fulani da Hausawa da Margi da Kamwe da sauran al'ummomi. Noma da kiwo da fatauci su ne ƙashin bayan rayuwar yankin, sannan kasuwar shanunsa tana cikin mafiya girma a Najeriya. Mafi yawan waɗanda suka tsufa a yau a wannan yanki sun shafe ƙuruciyarsu ne a gona, ko a bayan garke, ko a kan hanyar kasuwa.

A nan, kamar sauran garuruwan Arewa, gidan iyali shi ne gidan kula da tsoho. Kai mahaifi ko mahaifiya wani wuri domin baƙi su kula da su abin kunya ne a idon jama'a, Musulmi da Kirista. Gidajen kula da tsofaffi irin na zama dindindin ba su da yawa a ƙasar baki ɗaya, kuma sun fi yawa a Kudu, kamar gidan tsofaffi na gwamnatin Jihar Legas da ke Yaba da na Regina Mundi da ke Mushin. A Kano akwai gidan gajiyayyu na Shahuci. Saboda haka masu kula da tsofaffi a Mubi rukuni biyu ne: 'ya'ya da jikoki da surukai a cikin gida, sai ma'aikatan jinya da na lafiya a matakin farko idan ciwo ya kai dattijo asibiti.

Rikicin Boko Haram ya girgiza wannan tsari. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan ƙungiyar suka mamaye Mubi, jama'a suka watse a ƙafa zuwa duwatsu da Kamaru da Yola, kafin a ƙwato garin a tsakiyar watan Nuwamba. Wani rahoto da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a watan Disamba na 2020 game da Arewa maso Gabas ya nuna cewa tsofaffin da ba su iya tafiya sosai su ne aka fi bari a baya idan an kai hari. Iyalai da dama sun rarrabu tun daga lokacin, matasa sun tafi neman abinci a wasu garuruwa, nauyin kula da dattawa ya koma kan mutane kaɗan.

Abin da masana suka tabbatar

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2020 sun shawarci wanda ya kai shekara 65 zuwa sama da ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, irin tafiya da ɗan sauri. Sun ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku, domin kare kai daga faɗuwa. Hukumar ta kuma bayyana cewa wanda ba zai iya cika wannan adadi ba ya yi gwargwadon ƙarfinsa, domin kaɗan ya fi babu.

Dalilin wannan shawara yana cikin yadda jiki ke sauyawa. Tun daga wajen shekara 30 tsokar mutum take fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60. Zama wuri ɗaya yana ninka saurin. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado na kwana goma, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Tsokar cinya ita ce ke ɗaga mutum daga tabarma ko daga masai. Idan ta yi rauni, tashi yakan zama wahala, wahalar ta sa mutum ya rage tashi, rage tashin kuma ya ƙara raunana tsokar.

Abin da ya sauya tunanin likitoci shi ne gano cewa ana iya dawo da ƙarfin ko da shekaru sun ja. A 1990 Dokta Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan kula da tsofaffi a birnin Boston, inda mutum goma masu shekara 86 zuwa 96 suka yi atisayen ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin tsokarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. A ƙasar New Zealand kuma, shirin atisaye na Jami'ar Otago, wanda ake koya wa tsoho ya riƙa yi a gidansa, ya rage yawan faɗuwa da kimanin kashi 35 cikin 100.

Yadda dattawa ke kallon lamarin

Abu na farko da ke shiga tsakani shi ne ita kanta kalmar. Idan aka ce motsa jiki, dattijon da ya tashi a karkara yakan tuno da 'yan ƙwallo ko sojoji masu gudun safe, abin da yake ɗauka na yara ne, wanda bai dace da furfura ba. Amma idan aka tambaye shi game da zuwa gona, ko kai awaki kiwo, ko takawa masallaci sau biyar a yini, sai a tarar yana motsi fiye da ma'aikacin ofis mai rabin shekarunsa. A wurinsa wannan aiki ne, aiki kuwa mutunci ne. Motsin da ba ya haifar da komai, kamar ɗaga hannu a sauke sau goma, yakan ga kamar wasa ake yi da hankalinsa.

Masu bincike a Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin jagorancin Adewale Oyeyemi na sashen fisiyo, sun yi la'akari da muhimmancin harshe a wannan fage, suka mayar da takardar tambayoyi ta duniya kan motsa jiki zuwa Hausa, aka wallafa aikin a 2011. Tambaya a harshen da mutum yake ji, da misalan ayyukan da ya sani, ita ke fito da ainihin yawan motsin da yake yi.

Abu na biyu shi ne ɗaukar hutu a matsayin ladan tsufa. Wanda ya yi shekara hamsin yana noma yana ganin ya cancanci ya zauna a inuwa a kawo masa ruwa, kuma zamansa shaida ce ga maƙwabta cewa ya haifi 'ya'ya masu albarka. Tsohuwar da aka gani tana ɗaukar bokiti tana iya jawo wa surukarta magana a unguwa. Wannan ya sa wasu dattawa ke barin aikin da suke iyawa, suke kuma so, don kada a ce an wulaƙanta su.

Na uku shi ne tsoro da ciwo. Wanda ya taɓa zamewa a makewayi, ko jiri ya kwashe shi yana alwala, yakan rage fita ko bai ji rauni ba. Mai amosanin gaɓɓai yana ganin tafiya za ta ƙara cinye masa gwiwa, alhali likitoci suna sanya motsa jiki a sahun gaba cikin hanyoyin rage wannan ciwo. Wasu kuma suna ƙin riƙe sanda domin kada a ce sun gaza.

Duk da haka akwai abin da dattawa ke tsoro fiye da faɗuwa, wato ranar da za su kasa kai kansu bayan gida, ko su kasa yin tsarki da alwala sai da hannun wani. Ga mutanen da kunya ke da babban matsayi a tarbiyyarsu, wannan ya fi ciwo zafi. Akwai kuma sha'awar yin salla a tsaye cikin jam'i ko da shari'a ta yi rangwamen yin ta a zaune, da sha'awar halartar sujada ranar Lahadi, da zuwa suna da biki da ta'aziyya, tun da zumunta a ƙafa take. Ta wannan ƙofa ce aka fi samun shawo kan dattijo. Maganar rage kitse a jini ba ta cika motsa shi ba, amma maganar riƙe ƙarfin da zai kai shi masallacin Juma'a da ƙafarsa tana shiga kunnensa.

Akwai bambanci tsakanin maza da mata. Namiji yana da masallaci da majalisa da kasuwa da ke fitar da shi kullum. Tsohuwa kuwa, musamman a cikin gari, motsinta yana cikin aikin gida ne, shara da tsintar hatsi da ɓarar gyaɗa da renon jikoki. Ranar da aka karɓe mata waɗannan da sunan girmamawa, an karɓe mata kusan dukkan motsinta.

Yadda masu kula da su ke kallonsa

A cikin gida, ƙauna da biyayya su ne ke sa a hana tsoho motsi. «Baba, zauna a kawo maka» da «Inna, bari yara su yi» kalamai ne na ladabi da ake koya wa yaro tun yana ƙarami. Ɗan da ya bar mahaifinsa ya ɗauko buta da kansa yana jin kamar ya gaza a haƙƙin iyaye. A bayan ladabin kuma akwai lissafi. Karayar ƙashin ƙugu ga tsoho tana nufin doguwar jinya, da kuɗin aiki, wani lokaci da tafiya Yola ko Maiduguri, ga kuma zargin dangi cewa an yi sakaci. Mai kula da shi yakan ga cewa zama ya fi aminci.

Tsoron yana da tushe. Ƙididdigar WHO ta nuna cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a duniya a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Wani rahoton hukumar na 2007 ya ce kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, a gidajen kula da tsofaffi kuwa adadin yakan kai kashi 30 zuwa 50. Sai dai hana motsi yana ƙara haɗarin ne a hankali, domin ƙafar da ta daina aiki ita ce ke cin amanar mai ita ranar da ya miƙe da dare ba kowa a kusa.

A asibiti matsalar ta fi alaƙa da lokaci da rabon aiki. Ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya tana fara wa da magani da allura da wankin rauni. Tayar da dattijo a zagaya da shi yana cin lokacin da ba ta da shi, sau da yawa kuma ana ɗaukarsa aikin likitan fisiyo ne, wanda jama'a ke kira likitan gashi. Waɗannan likitoci kuwa sun yi ƙaranci, sun kuma fi taruwa a manyan asibitoci. Saboda haka dangin da ke zaman jinya su ne ke wanke majiyyaci da ciyar da shi da juya shi, alhali ba kasafai ake nuna musu yadda za su tayar da shi cikin aminci ba.

Ƙasashen da ke da gidajen tsofaffi masu kayan aiki ma ba su tsira daga wannan ba. Masu bincike na Jami'ar Maastricht sun bibiyi mazauna gidajen kula da tsofaffi bakwai a ƙasar Holan, suka wallafa a 2015 cewa a kusan kashi 90 cikin 100 na lokutan da aka duba su da rana, an same su a zaune ne ko a kwance. Wani binciken nasu ya nuna cewa a kusan rabin lokutan da ma'aikata suka sa hannu a hidimar yau da kullum, karɓe aikin suke yi gaba ɗaya maimakon su tallafa wa dattijon ya yi da kansa. Yi wa tsoho abu ya fi sauri a kan jiransa ya yi, a Holan ne ko a Mubi.

Inda ra'ayoyin ke karo da inda suke haɗuwa

Idan aka ɗora ra'ayoyin biyu a sikeli, za a ga kowane ɓangare yana kare wani abu mai daraja. Dattijo yana kare mutuncinsa da 'yancin yin abu da kansa. Mai kula da shi yana kare lafiyarsa, yana kuma kare kansa daga zargi. Matsalar takan taso ne idan aka yanke shawara ba tare da an tambayi mai jikin ba, ko kuma idan kowa ya ɗauka ɗayan ba ya so: iyali su ce Baba ya gaji ba ya son fita, shi kuma ya yi shiru don kada ya ɗora wa yara wahala.

Wurin haɗuwarsu shi ne burin da suka yi tarayya a kai, wato kada dattijo ya kwanta. Doguwar kwanciya tana jawo gyambo a baya da ɗuwawu, da ciwon huhu, da taurin ciki, da sandarewar gaɓɓai, da ƙuncin zuciya. Tana kuma ninka wahalar mai jinya, domin ɗaga babban mutum sau da yawa a yini yana karya bayan mai ɗagawa. Mintunan da aka kashe ana rakiyar tsoho zuwa ƙofar gida suna rage watannin da za a iya shafewa ana juya shi a gado.

Matakan da suka dace da yanayin yankin

Shawarwarin masana ba su buƙatar na'ura ko ɗakin atisaye. Na farko shi ne a bar wa dattijo aikin da yake iyawa, a taimaka masa kawai a inda ya gaza: ya sa rigarsa, ya ci abinci da hannunsa, ya ba kaji tsaba, ya duba dabbobi. Tashi daga kujera a koma a zauna sau da yawa a jere yana ƙarfafa cinya. Tsayuwa a dafa bango ana ɗaga dunduniya, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya a dafe da abu mai ƙarfi, yana gyara daidaiton jiki. A fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke tsananta, tafiya ta fi dacewa da sanyin safiya ko bayan la'asar, tare da shan ruwa, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar matashi. Da damina santsi ne abin kiyayewa a tsakar gida da makewayi, da hunturu kuma ƙura ga masu ciwon ƙirji. Mai azumi ya jinkirta motsi mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki.

Gyaran muhalli yana rage tsoron kowa. Fitila a hanyar bayan gida, da ƙarfe ko itacen dafawa a jikin bango, da kujera a wurin wanka, da takalmi mai kama ƙafa maimakon silifa, da sanda daidai tsawon mai ita, duk ƙananan abubuwa ne masu babban amfani. Haka nan duba ido, domin yanar ido tana cikin abubuwan da ke jawo tuntuɓe, kuma ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki. Wasu magungunan hawan jini da na barci suna sa jiri idan an miƙe da sauri, don haka ya kamata a gaya wa likita idan an ga alama.

Mai ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ya ƙara yawan motsi. Ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi, da jiri mai tsanani, alamomi ne na a tsaya nan take a nemi asibiti. Mai gigin tsufa kuwa yana buƙatar ɗan rakiya ne. Kulle shi a ɗaki yana ƙara masa ruɗewa.

Manufofin gwamnati

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa kula da tsofaffi da biyan fansho cikin manufofin da gwamnati za ta sa a gaba. A watan Janairu na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dokta Emem Omokaro. A watan Fabrairu na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa. A ɓangaren asibiti, Cibiyar Lafiyar Tsofaffi ta Cif Tony Anenih da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wadda aka buɗe a 2012, ita ce ta farko irinta a ƙasar.

A matakin duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin inganta tsufa cikin ƙoshin lafiya, bayan ranar 1 ga Oktoba da ta keɓe wa tsofaffi tun 1990. WHO ta yi hasashen cewa masu shekara 60 zuwa sama za su ƙaru daga biliyan 1 a 2020 zuwa biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Mubi tana da cibiyoyin da za su iya ɗaukar wannan aiki. Akwai Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ma'aikacin lafiya na unguwa da ya iya koya wa iyali yadda ake tayar da tsoho da yadda ake raka shi zai isa gidajen da likitan fisiyo ba zai taɓa kaiwa ba. Limamai da fastoci da masu unguwanni kuma su ne ke da bakin da za su shaida wa jama'a cewa barin Baba ya taka zuwa masallaci, da jikansa a gefensa, yana cikin kyautata wa iyaye.